YAWON SALLAH A BAKIN DAM: WA KE RIƘE DA YARON?

 

'Yan uwa, duk sanda Sallah ta gabato akwai tambayar da ba ta fashi a wannan shafi, kuma galibi iyaye mata ne ke aiko ta: Malam, ya halatta mu kai yara bakin dam yawon Sallah? Wasu su ƙara da cewa har da na goye, har da mai tatata. Mu nan ba mu da teku irin ta mutanen Legas. Tekunmu Tiga ce. Daga Bebeji, daga Kiru, daga Tudun Wada, har daga cikin birni, za ka ga motoci cike da yara cikin sababbin kaya an nufi bakin ruwa. Mutanen Doguwa kuma, idan damina ta zauna, suna da ruwan da ke zubowa daga dutse a Zainabi ta wajen Riruwai. To tambayar tana bisa hanya, kuma ta cancanci amsar da ta wuce "e" ko "a'a".

Asalin hukuncin dai halal ne. Babu nassin da ya hana iyali fita kallon halittar Allah, kuma faranta wa yara rai ranar idi abu ne da shari'a ta so. Bukhari da Muslim sun ruwaito yadda mutanen Habasha suka yi wasa da masu a cikin masallaci ranar idi, Manzon Allah (SAW) ya tsaya yana kāre Nana A'isha tana kallo, bai ce ya isa ba har sai da ita da kanta ta gaji. Akwai kuma wani ƙaramin sahabi, Mahmudu ɗan Rabi'u, wanda abin da ya riƙe daga Annabi shi ne wata rana ya guntsi ruwa daga guga ya fesa masa a fuska, lokacin yana ɗan shekara biyar. Wasa ne da ruwa tsakanin fiyayyen halitta da yaro ƙarami, kuma Imamul Bukhari ya sa shi a Kitabul Ilmi, ya kafa hujja da shi a kan shekarun da ake karɓar ruwayar yaro. Saboda haka masu saurin cewa komai haramun su sassauta. In akwai cakuɗuwar banza da kiɗa da tsiraici a wani sashe na wurin, wannan hukuncinsa daban, a kauce masa, a nemi gefen da babu. Amma fitar kanta ba ta zama saɓo ba.

Inda maganar take shi ne sharaɗin fitar. Ku koma Suratu Yusuf ku karanta da natsuwa. Da 'yan uwan Annabi Yusuf suka nemi a bar shi ya bi su daji ya ci ya sha ya yi wasa, Annabi Yaƙubu bai soki wasan ba. Abin da ya ambata shi ne tsoron kada kerkeci ya cinye yaron a lokacin da suka gafala da shi. Na san su da niyyarsu suka zo, ba wannan nake nufi ba. Ku dubi kalmar da uban ya zaɓa: gafala. Maza goma ne ƙarfafa, har suna tinƙaho da yawansu, amma uba mai hankali ya san yawan manya ba ya tsare yaro idan idon kowa yana wani wurin.

Bari mu fara sanin ruwan da muke magana a kai, don da yawanmu gefensa kawai muka sani. Dam ɗin Tiga an fara gina shi a 1971 zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974, aka tare Kogin Kano wanda ya gangaro daga duwatsun kudu ya ratsa dajin Falgore. Faɗin ruwan ya kai kimanin murabba'in kilomita 178. Abin da ke ƙarƙashinsa tsohuwar ƙasa ce da ruwa ya haɗiye: gonaki, kwazazzabai, kututturan itatuwa, da tsohuwar hanyar kogin kanta. Shi ya sa za ka taka nan ruwa iya idon sawu, ka ƙara taku biyu ka ji babu ƙasa. Sannan bakin ruwan ba wuri ɗaya yake tsayawa ba. Da rani ana sakin ruwa domin manoman Kadawa da Kura da sauransu, ruwan ya ja baya ya bar taɓo; da damina ya dawo ya rufe inda kuka shimfiɗa tabarma bara. Wanda ya ce maka "ai na san wurin" sau da yawa wurin bara ya sani. Magudanan noman rani kuwa sun fi dam ɗin ma sharri ga yaro, domin ruwansu tafiya yake, gefensu a gangare, inda aka yi siminti gansakuka ta mai da shi santsi. Babba ma in ya zame sai ya sha wuya kafin ya fito.

Yanzu yaron. Ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu kansa ya fi jikinsa nauyi in an kwatanta da babba, ƙafarsa ba ta gama ƙwari ba, kuma ruwa yana jansa kamar yadda wuta ke jan fara. In ya kifa da fuska, ruwan da bai kai tafin hannu zurfi ba ya isa. Abin da ya fi tayar min da hankali, wanda kuma na ga mutane da yawa ba su sani ba, shi ne yaro ba ya ihu idan yana nutsewa. Mun saba gani a fim mutum yana ɗaga hannu yana kiran a taimaka. Yaro ƙarami shiru yake tafiya, bakinsa ya cika da ruwa, ba shi da numfashin da zai yi kuka da shi. Uwa tana iya zama taku goma daga wurin, ta juya baya tana zuba wa baƙi shinkafa, ba ta ji komai ba. Cikin 'yan mintuna ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa saboda rashin iska. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a Disambar 2024, ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli na kowace shekara don tunatarwa a kan wannan. Mu a nan ba ma sai mun jira rahoton waje ba; sanarwar hukumar kashe gobara ta jihar Kano a kan yaran da aka ciro daga kududdufi da rijiya ta ishe mu.

To wa ke riƙe da yaron? Nan ne nake so mu daɗe.

An fita mutum goma sha biyar a mota ɗaya. Uwa tana zaton yaron yana wajen yayarsa. Yayar tana zaton goggo ta ɗauke shi. Goggo ta ga uban yana tsaye kusa da ruwa, ta ce ai babansa na nan. Uban kuwa yana ɗaukar hoton faɗuwar rana zai ɗora a Facebook. Kowa ya natsu, kuma ba wanda ke kallonsa. Ɗaliban fiƙihu sun san farilla iri biyu ce: ta aini, wadda ke kan kowane mutum da kansa, da ta kifaya, wadda in wasu suka yi ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Tsaron yaro a cikin taro kamar farillar kifaya yake zama, kuma cutar farillar kifaya kenan tun da can, kowa ya jingina ta ga ɗan uwansa. Malamai sun ce tana komawa ta aini idan aka ayyana mutum. To ku ayyana. Kafin a sauka daga mota a faɗa da baki, kowa na ji: wane, kai ne da wannan yaron, wance, ke ce da wannan. Wanda aka ba yaro ba shi da waya, ba shi da rabon abinci, ba shi da hira mai nisa, kuma tazararsa da yaron kada ta wuce inda hannunsa zai kai. In zai tashi, ko da fitsari ne, ya damƙa hannun yaron a hannun wani, ya ji ya ce na karɓa. Wani zai ce Malam ai wannan tsanani ne. Wallahi in kuɗin cinikin shinkafarka ne a jaka, haka kake yi da su a tasha, ba ka taɓa ajiye su ka ce ai jama'a na nan ba.

Kuma wanda za a ayyana ya zama babba. Malamanmu na Malikiyya, da suka zo babin hadana, wato renon yaro, sun shar'anta wa mai reno hankali da iyawa da amana da wurin da yake amintacce. Har tsohuwar da tsufa ya hana ta iya kula da yaro sun ce haƙƙin renon ya bar hannunta. In shari'a ta karɓe reno daga kakar da ƙarfinta ya ƙare, ina hujjar ɗora wa yarinya 'yar shekara bakwai ƙaninta mai shekara biyu a bakin Tiga? Ita ma fa yarinya ce, ita ma Sallah take yi, ta ga ƙawayenta ta ga mai alawa. In abu ya faru, ba za ta iya ciro shi ba, wataƙila ma ta bi shi su tafi tare. In kuma ta tsira, kun ɗora mata nauyin da za ta rayu da shi har tsufanta, alhali laifin ba nata ba ne.

Kai kuma maigida, da kai nake. Al'adarmu ta mayar da riƙon yaro aikin mata, har namiji yana jin kunyar a gan shi da ɗa a kafaɗa. Ina muka samo wannan kunyar? Abu Ƙatada ya ga Manzon Allah (SAW) yana limanci da jikarsa Umama a kafaɗarsa, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Buraida ya ba da labarin ranar da yana huɗuba ya hango Hasan da Husaini cikin jajayen riguna suna tafe suna tuntuɓe, ya yanke huɗuba ya sauko daga mumbari ya ɗauke su. Tuntuɓe kawai suke yi a filin masallaci, babu ruwa babu rami. Kai ka sallami mace da goyo a baya, ɗaya a hannu, biyu suna gudu a gaba, ga kular abinci, ka ba direba kuɗi ka koma majalisa. Hadisin Ibnu Umar da kowa ya haddace, wanda ya kira magidanci makiyayi abin tambaya a kan iyalinsa, bai cire ranar Sallah ba. In ba za ka je ba, kuma babu isassun manya, to ƙananan su zauna a gida. A kai su gidan kaka, a saya musu balan-balan. Ɗan shekara biyu ba zai tuna Tiga ba, mu ne dai muke son hoton.

Lokacin salla ma akwai abin lura, don nan ne ake yawan sakin yara gaba ɗaya. An kira la'asar, maza sun yi sahu, mata sun tafi alwala, yara sun zama na Allah-ya-kiyaye. Ku yi ta kashi biyu: wasu su yi, wasu su tsare, sannan a canza. Lokacin la'asar yana da yalwa. Kuma ku sani, malamai ba su yi saɓani ba cewa mai salla in ya ga yaro zai faɗa ruwa ko rijiya ko wuta, wajibi ne ya yanke sallar ya cece shi, ko da farilla ce. Salla ana sake ta. A Mukhtasar na Shaihu Khalil ma an ɗora lamuni a kan wanda ya ga rai ko dukiya za ta halaka, yana da ikon cetowa, ya ƙi. Abin sha'awa, a babin yanka ya kawo mas'alar, wurin da ɗalibi ba zai yi zaton samunta ba.

Na san abin da wasu ke cewa a ransu tun ɗazu: Malam, ai in kwana ya ƙare ko a gado ne sai an tafi. Gaskiya ne, kuma wanda bai yi imani da ƙaddara ba ba musulmi ba ne. Amma ƙaddara abin da ake rarrashin zuciya da shi ne bayan abu ya auku. Ba a kafa hujja da ita don a bar aiki kafin ya auku. Dubi mahaifiyar Annabi Musa a Suratul Ƙasas. Allah da kansa ya yi mata wahayi ta saka jaririnta a kogi, ya yi mata alƙawarin zai dawo mata da shi. Akwai tabbacin da ya fi wannan? Duk da haka sai ta tashi yayarsa ta ce ta bi sawunsa, yarinyar ta riƙa hangensa daga nesa. Mace mai alƙawarin Allah a hannu ba ta ɗauke ido daga ɗanta a kan ruwa ba. Ke da ba a yi miki wahayi ba fa? Haka Sayyidina Umar, da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya juya da jama'a daga Sarga. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake, sai ya nuna masa komawar ma cikin ƙaddara take, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora, amma mai hankali ya san inda zai nufa.

Sai maganar 'yan ruwa, wai dam sai ya ci mutum duk shekara, wai aljanun wurin ne ke karɓar rabonsu. Mun yi imani akwai aljanu, Alƙur'ani ya faɗa. Amma cewa wani ruwa yana da harajin rai da yake karɓa, wannan ba shi da tushe a addini, kuma amfaninsa ɗaya ne, ya wanke sakacinmu. Laya a wuyan yaro ba ta hana shi nutsewa. A yi masa addu'ar tsari da ta tabbata, sannan a riƙe hannunsa.

Wanda ruwa ya ci yana cikin shahidai, kamar yadda ya tabbata a hadisin Abu Huraira, kuma yaron da bai balaga ba muna kyautata masa zaton aljanna. Wannan falala ce ga mamacin, ba ta ɗauke tambaya daga wanda aka ba amana. Malamai da dama sun yi fatawa cewa idan sakaci bayyananne ne ya jawo mutuwar yaro, kamar a ajiye mai rarrafe a bakin ruwa a tafi, to akwai kaffarar kisan kuskure a kan mai sakacin, azumin wata biyu a jere kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Idan kuwa an yi iya abin da aka saba na kulawa, abin ya zo ta inda ba a zata ba, babu komai a kansa. Kowace mas'ala sai an zauna da malami an ji yadda ta faru, ba a yanke ta a intanet. A nan ina roƙon jama'a: uwar da wannan ya taɓa samu, kada wanda ya ɗauki rubutun nan ya je ya soka mata. Abin da ke cikin zuciyarta ya ishe ta. 'Yar uwa, in kina karantawa, Allah ya sa ɗanki ya zama mai jiranki a ƙofar aljanna, ya sanyaya miki.

Kwalekwale kuwa, ra'ayina a kansa gajere ne: kada a saka ƙaramin yaro don yawon shaƙatawa. Ba mu manta 30 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife a dam ɗin Watari, aka rasa rai aƙalla 29, mafi yawansu yara ɗaliban Islamiyya, kuma lodin da ya wuce ƙima yana cikin abin da aka ambata. Wanda tsallakawa ta zame masa dole, hanyarsa ta gida kenan, ya ƙirga mutanen da ke ciki kafin ya shiga, ya nemi rigar kariya, in ya ga an cika ya jira na gaba ko da za a yi masa dariya.

Akwai kuma cutar da ba a ganinta ranar. Ruwan dam da na magudanai da kududdufai yana ɗauke da ƙananan dodon koɗi masu sakin ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fata ko yaro bai sha ruwan ba. Bayan makonni ko watanni sai a ga jini a ƙarshen fitsari. A wasu ƙauyukanmu har ana ɗaukar wannan alamar yaro ya fara zama namiji. Cuta ce, tana cin mafitsara da ƙoda a hankali, tana da magani a asibiti mai suna praziquantel. Don haka ko a gefe-gefe ban ga dalilin tsoma mai tatata a ruwan dam ba. Ku je da ruwanku a jarka, ku zuba masa kaɗan a roba a inuwa nesa da gaɓa, ya yi ta facal-facal a gabanku, in ya gama a zubar. A sa masa hula, a ba shi ruwan sha akai-akai. Kuma ku tattara kafin magariba; umarnin da ya zo a hadisin Jabir na a killace yara idan dare ya kawo kai ya fi ƙarfi a bakin ruwa, inda duhu ke haɗe gaɓa da zurfi.

Wani ɗalibi zai ce, to ba an ce a koya wa yara iyo ba? Lafazin da ya shahara a bakin mutane bai inganta daga Annabi (SAW) ba, an dai ruwaito ma'anarsa daga wasiƙar Sayyidina Umar. Koyon iyo abu ne mai kyau, ina ma a ce makarantunmu suna da inda za su koyar da shi. Sai dai wannan na yaron da ya yi wayo ne, a hannun wanda ya iya, a ruwan da aka san zurfinsa. Ɗan shekara biyu ba a dogara da iyonsa.

Kada kuma mu zura wa Tiga ido mu manta tsakar gida, don yawancin ƙananan da ruwa ke ci kusa da gida yake cin su: bokitin wanki da aka bari da ruwa, baho, rijiyar da murfinta ya ruɓe, ramin da aka haƙa don bulo damina ta cika shi. A Bangladesh, ƙasar musulmi mai yawan tafkuna, sun lura yara sun fi nutsewa da hantsi zuwa azahar, lokacin da iyaye mata ke tsakiyar aiki, sai suka riƙa tara ƙananan unguwa a ɗaki ɗaya ƙarƙashin kulawar mace amintacciya a waɗannan sa'o'in, kuma mace-macen suka ragu ƙwarai. Wannan bai fi ƙarfin matan unguwa ɗaya a Kiru ko Tudun Wada ba, musamman lokacin shuka da girbi. Masu unguwanni da kwamitocin masallatai kuma su zagaya su ga rijiyoyin da ba murfi. Kuɗin murfi ɗaya bai kai na lasifikar da muke canzawa duk shekara ba.

In kuma, Allah ya kiyaye, abin ya faru a gabanka: in ba ka iya ruwa ba kada ka faɗa, gawa biyu za a ciro. Yi kururuwa a kira masunta, miƙa gora ko igiya ko rawani, jefa jarka marar komai mai murfi a rufe. In yaro ya ɓace a wurin, a fara duba ruwa kafin a duba wajen masu alawa. Idan an ciro shi, kada a ɗaga shi ta ƙafa ana jijjigawa, kada a tsaya danna ciki wai a fitar da ruwa, lokaci ake ɓatawa. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗan ɗaga haɓarsa. In ba ya numfashi a busa masa iska a baki har ƙirjinsa ya taso, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30, a busa sau 2, a ci gaba ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota. Ko ya farfaɗo ya yi kuka ya nemi nono, a wuce da shi asibiti a ranar, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da numfashi bayan sa'o'i. Wannan aikin da hannu ake koyonsa, karatu kawai ba ya isa. Ina ba limamai 'yan uwana shawara su gayyato ma'aikacin lafiya na asibitin garinsu ya nuna wa jama'a bayan sallar la'asar a harabar masallaci, maza daban mata daban, tun kafin Sallah ta zo.

Wallahu a'alam.